Ɗauri Bayan Gaɓa

Mako guda kafin Kirsimeti Narelle ta bugo mini waya daga Adelaide, ta ce ranar jajibere za ta zo, ita kaɗai, mijinta da yaran sai washegari.

"Ki zo," na ce. "Gidan yana nan yadda kika bar shi."

"Abin da nake tsoro ke nan, Baba."

A watan Oktoba ta faɗo mini ba sanarwa. Ta tarar da kwanukan kwana tara a wurin wanke-wanke, da littattafai jibge a gefen gadon da mahaifiyarta ke kwanciya, ni kuma ina tsaye a kicin ina cin kifin gwangwani da cokalin shayi. Tun daga ranar take yawo da wasu takardu a jaka, na wani gidan kula da tsofaffi da ke kusa da unguwarsu. Na ga hotonsa. Akwai lambu mai kyau wanda ba a yarda kowa ya taɓa ba.

"Ba tilasta maka zan yi ba," in ji ta. "Amma idan na tarar da abin da na tarar a Oktoba, za mu zauna a teburin Mama mu cike su, ni da kai."

Narelle nas ce. Ta saba faɗa wa mutane mummunan labari da tattausar murya, kuma ba ta taɓa janye shi.

Na ajiye waya na dubi falon. Wanke kwano ba zai cece ni ba, kowane rago yana iya wanke kwano rana ɗaya. Na san inda idon 'yata zai fara sauka idan ta shigo: kusurwar da ke kusa da taga, inda matata Merle ta ƙawata bishiyar Kirsimeti shekara arba'in da uku a jere. Merle ta rasu a watan Mayu, bayan an gama tsinkar inabi, kamar wadda ta jira a kammala aiki tukuna. Idan kusurwar nan ta zama fayau ranar jajibere, to, kwanana na ƙarshe ke nan a gidana.

A nan kwarin Barossa, inda Kirsimeti ke zuwa a tsakiyar zafi, gidan da ya san kansa ba ya sayen bishiyar roba. Tudu ake hawa, a saro ƙaramin itacen fain na jeji mai siraran ganye, a kafa shi a bokitin yashi. Wannan na iya, domin shi ne rabona na aikin tun da muka yi aure: in saro, in jawo, in tsayar, in koma kujerata da littafi. Sauran duk na Merle ne. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da tarihi a sakandare, kuma na ɗauka wanda ya san dalilin faɗuwar dauloli an yafe masa sanin yadda ake rataye ƙwallo a reshe.

Ranar Laraba na tsayar da bishiyar, na sauko da tsohon gwangwanin biskit daga saman kabad. Komai yana ciki, kowane a naɗe cikin tsohuwar safa. Kakar Merle ce ta zo da su daga Jamus a jirgin ruwa, guda goma sha biyu, na gilashi mara kauri kamar ɓawon albasa. Bakwai suka rage: ƙwallaye shida, da tsuntsu ɗaya mai ruwan azurfa, wanda fentin idonsa na hagu ya goge. Sai taurarin ciyawa da Narelle ta saƙa tana firamare.

Abin ratayewa ne babu. Na zazzage gwangwanin, na duba aljihunan tebur, na duba akwatin ɗinki. Ina tsugune a ƙasa sai kunnena ya tuna mini abin da idona bai taɓa kula da shi ba: kowace shekara, shida ga Janairu, ƙarar almakashin datse inabi daga kusurwar nan, ƙas, ƙas, ƙas. Yanke su take yi ta zubar. Kowane Disamba sababbi take yi, da siririyar wayar da ake ɗaure rassan inabi.

Wannan ce sana'arta. Duk lokacin sanyi, ita da yayarta Dulcie suna bin gonakin mutane layi-layi suna ɗaure rassa a jikin waya, tun suna 'yan mata har gashinsu ya yi fari. Har Narelle ta bi su hutu biyu ko uku. Merle takan ce ko a mota take wucewa za ta gane layin da Dulcie ta ɗaure, domin Dulcie bahaguwa ce, murɗinta hagu yake juyawa. Na ji wannan magana ya fi sau ɗari, kamar yadda mutum ke jin ruwan sama a kan kwano.

Akwai shekarar da na ɗago kai daga littafi na ce mata, "Merle, ana sayar da ƙugiyoyin nan cike da leda a kanti. Wayewa ta iso har garinmu Tanunda."

Ba ta ko waiwayo ba. "Karanta littafinka, Lindsay."

Saboda haka na shiga mota na tafi Tanunda na sayo leda guda. Koraye ne, sirara, a lanƙwashe sama da ƙasa kamar wuyan agwagwa. Ka soka ɗaya a zoben ƙwallo, ka maƙala ɗaya gefen a reshe, shi ke nan. Aikin da ke cinye wa Merle yini guda na gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa sau biyu. Tsuntsun kaɗai na bari a safarsa, domin zobensa ya yi wa ƙugiyar ƙanƙanta. Na ja da baya na duba, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ci gardama da wadda ba ta da bakin ramawa.

Ranar Alhamis iskar arewa ta taso. Ma'aunin zafi da ke baranda ya kai arba'in da biyu, ya tsaya a nan. Na rufe labule, na kunna fanka, na zuba wa yashin ruwa.

Ranar Juma'a bayan abincin rana ina kujerata sai na ji wata 'yar ƙara, tas, kamar an taka ɓawon ƙwai. Ban gane ba sai da ta biyu ta zo. Na miƙe, na ga abin da ya faru. Bishiyar ta fara bushewa, rassan da suka kalli sama ranar Laraba duk sun sunkuya, ƙugiyoyin kuma suna zamewa a hankali zuwa tsini. An yi su ne domin ƙasashen da Kirsimeti ke zuwa cikin ƙanƙara, inda reshe ke tsayawa ƙyam har sabuwar shekara. Na miƙa hannu in tare ta uku, jar nan mai zanen ganye, yatsana ya taɓa ta, ta wuce. Daɓen falonmu katako ne.

Na cire ukun da suka rage da hannuwa biyu, na mayar da su cikin safa. Na share gutsattsarin da fallen takarda, na zuba a kwalbar jam da ba kowa ciki. Ban san dalilin ajiye su ba. Na zauna ina kallon kwalbar har hasken taga ya kau daga kanta.

Asabar na sami nannaɗin wayar Merle rataye a ƙusa cikin rumfar kayan aiki, da almakashinta. Na ce abin da mace ta yi da yatsa biyu ba zai gagari mai hankali ba. Na tsinko lemun tsami daga bayan gida na yi gwaji da su. Idan na sassauta, lemun ya zame. Idan na matse, wayar ta yanke reshen. Zuwa la'asar akwai lemo tara a ƙasa da jini a yatsuna uku. Littattafai kusan dubu huɗu ne a gidan nan, na san inda kowane yake, kuma babu ɗaya da ya san abin da nake nema.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya sani, ban da 'yar da nake so in ruɗa. Dulcie ce, kuma wata bakwai ke nan ba mu yi magana da ita ba.

Ranar jana'izar Merle ne, a zauren coci, mutane riƙe da kofunan shayi. Dulcie ta ce, da ƙarfin da kowa zai ji, ƙanwarta ta tafi da kantar aiki a tafin hannu, wasu kuwa za su je kabari da hannu mai laushi kamar na jariri. Ni kuma na ce wasu sun haura tamanin ba su taɓa kai ƙarshen littafi ɗaya ba, har da wanda suke rungumewa ranar Lahadi. Fasto ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. A lokacin na ɗauka na yi magana mai kyau.

Lahadi da ƙarfe biyu na tsayar da mota a ƙofar gidanta. Tana baranda, ƙarƙashin tsohon inabin da ya rufe rumfar, da rigar coci har yanzu a jikinta, ƙafafunta cikin roba mai ruwa.

"Wa ya mutu?" ta ce.

"Babu kowa tukuna."

"To me ya fito da Farfesa daga rami a tsakiyar ranar nan?"

Na ajiye nannaɗin waya a kan teburinta, na ajiye kwalbar a gefensa. Ta sa tabarau. Ta daɗe tana duban kwalbar.

"Nawa?"

"Uku."

"Tsuntsun fa?"

"Yana nan."

"Na kanti ka sa."

"Na kanti."

"Kakarmu ta tsallake teku da su a cikin safa," in ji Dulcie. "Sun ga yaƙi biyu. Sun ga gobarar daji. Sun ga yara goma sha ɗaya, har da ɗana Gordon da ke fasa abu da kallo. Ashe mai digiri biyu suke jira."

Amsa ta zo mini har bakin harshe, kuma mai kyau ce. Na haɗiye ta, ta wuce da ƙyar.

"Na zo ki koya mini, Dulcie."

"Ɗaga murya, kunnen nan ya mutu."

"Kin ji ni."

"Na ji. Daɗi ya yi mini ne."

Ta sa na ɓallo busasshen reshe daga inabin, na yanko waya tsawon taƙi guda. Sai da ta miƙo hannu na ga abin da sanyin ƙashi ya yi mata tun Mayu. Yatsun sun kumbura sun karkace kamar citta. Ta riƙe reshen da dama, ta kama wayar da hagu, ta yi ɗauri ɗaya. Abin da a da take yi ɗari-ɗari kafin hantsi ya ɗauke ta kusan minti biyu, kuma da ta gama akwai gumi a leɓenta na sama.

"Ɗaya za ka samu, ba ni da na biyu. Buɗe idonka. Ba a ɗauri a tsini. Nemi gaɓa, inda reshe ya rabu biyu, ka shiga bayanta. Zai sunkuya, dole ne, duk abin da aka sare sai ya sunkuya. Gaɓar ce za ta riƙe."

Na jira ta mayar da maganar wa'azi. Ba ta yi ba, zancen itace take yi.

"Zagaye biyu. Na ce biyu, Lindsay, ba rawani kake naɗawa ba. Kada ka shaƙe shi. Yanzu murɗa rabi da babban yatsa. Lanƙwasa bakin ƙasa, kada ya yanki yaro."

Na yi. Ta karɓa, ta juya shi a gaban tabarau.

"Wannan ɗauri ne ko sa hannun likita?"

Na sake. Ta ja shi da ɗan yatsa, ya zame.

"Haka kake koya wa 'ya'yan mutane? Shi ya sa rabin garin nan ba su san kome ba."

"Ɗaya rabin kuma danginku ne."

"Murɗa, malam, bakinka ba ya ɗaure komai."

Na ajiye nata a gabana ina kwaikwayonsa lanƙwasa bayan lanƙwasa, kamar ɗan aji ɗaya da harafi. Na ashirin da wani abu ne ta ja bai zame ba. Ba ta yaba ba. Ta ce in yi goma irinsa. Ina cikin yi, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Abin da na faɗa a coci."

"Gaskiya ne."

"Na san gaskiya ne. Ranar ce ba daidai ba."

"Nawa kuma..."

"Naka ƙarya ne. Sau biyu na kai ƙarshensa. Har da wuraren nan na wane ya haifi wane."

Da zan tafi ta aike ni kicin in ɗauko wani gwangwani. Biskit ɗin zuma ne, kowane da ɗan rami a sama domin waya. Ta ce Merle ce ta saba yi musu su biyun, bana maƙwabciya ta murza mata ƙullun, sun fito da tauri, amma bishiya ba ta da haƙori.

Litinin na fara da ƙarfe takwas na safe, ban gama ba sai biyar. Na fara da biskit, sannan taurarin ciyawa, sai da hannuna ya saba na ɗauko ƙwallaye ukun. Kowace na nemo mata gaɓa, na shiga bayanta. Yanzu na san abin da ke cinye wa Merle yini, da abin da take yi da bakinta a rufe yayin da nake karanto mata wani abu mai hikima daga kujera. Tsuntsun na ɗauka sau biyu, sau biyu na mayar. Na kwantar da shi a kan safarsa a tsakiyar tebur. Sannan na wanke kwanukan.

Narelle ta iso Talata da ƙarfe huɗu, jakar a kafaɗarta. Ta sumbace ni a kumatu, idonta yana bayana. Ta leƙa kicin. Ta shiga falo ta tsaya.

Ban bari ta ƙirga ba. "Uku sun fashe. Shuɗayen biyu da jar. Ni na fasa su. Na sa ƙugiyar kanti, zafi ya zo, rassan suka sunkuya. Mahaifiyarki ta hana ni tun kina goye, ban ji ba."

"Jar?" ta ce. "Mai ganye?"

"Ita."

"Ita Mama ke ba ni in riƙe."

Na nuna mata kwalbar a kan kabad. Ta ɗauka, ta juya ta, gutsattsarin suka yi 'yar ƙara. Ta goge ido da bayan hannu, ta ajiye. Jakar tana kafaɗarta har yanzu. Na ce a raina ta ƙare. Tsoho da ke fasa kayan gado shi kaɗai a gida ba ya bukatar wani shaida.

Ta matsa kusa da bishiyar. Rassan sun ƙara sunkuyawa, wasu kusan a tsaye suke kallon ƙasa, amma babu abin da ya motsa daga wurinsa. Ta ɗaga wani reshe da yatsa, ta kai fuskarta kusa. Ta duba na biyu, ta duba na uku.

"Wa ya ɗaura waɗannan?"

"Ni."

"Baba."

Na nuna mata yatsuna, da filasta uku.

"Hagu suka juya," in ji ta. "Duka. Kai ba bahago ba ne."

Ban ma san hagu suka juya ba sai lokacin.

"Ka je wurin Anti Dulcie."

"Na je."

"Da ƙafarka."

"Da mota."

"Ka tsaya a gabanta ka ce ta koya maka."

"Sau ɗaya na faɗa. Ta nemi na biyu, ban ba ta ba."

Narelle ta yi wani sauti tsakanin dariya da kuka. Ta zauna a hannun kujerata, inda na hana ta zama tun tana 'yar shekara biyar.

"Ka ɗauka kwanukan ne suka tsorata ni? Na ga gidajen da suka fi wannan datti sau goma, masu su suna lafiya lau. Irinka nake gani a asibiti, Baba. Mutum ya faɗi a banɗaki, waya tana nan kusa da hannunsa, ya kwana biyu a ƙasa domin ba zai iya cewa kowa zo ka taimake ni ba. Kullum na bugo ba ka ɗauka ba, abin da nake gani ke nan."

"Da na faɗi, da na kira ki."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," na ce.

Ta miƙe ta fita. Ta taga na ga ta buɗe motarta, ta zaro ambulan daga jaka, ta jefa shi a kujerar baya, ta kulle. Ta dawo hannu wofi.

"Ban yaga su ba, kada ka yi murna. Bayan tsinkar inabi za mu sake magana. Kuma gobe Anti Dulcie a teburin nan za ta ci abinci."

"An riga an ba ni umarni. Ƙarfe goma sha ɗaya, kuma in zo da matashi, wai kujerar motata ba ta da mutunci."

Sai a lokacin ta ga abin da ke tsakiyar teburin.

"Me ya sa ba ka rataye shi ba?"

"Na fasa uku. Ban amince da kaina da shi ba."

Ta ɗauki almakashin mahaifiyarta, ta yanki waya tsawon taƙi, ba ta ko auna ba. Ta soka ta a ƙaramin zoben. Ta zagaya bishiyar tana taɓa rassa har ta sami gaɓar da ta yi mata, can sama, ta ɓangaren taga. Wannan karon ban zauna ba. Na tsaya a kafaɗarta ina kallon yatsunta: zagaye biyu, murɗi rabi, baki ƙasa. Ta sake shi. Tsuntsun ya yi lilo kaɗan, ya tsaya, idonsa mai kyau yana kallon falo.

Na sa tabarau na duba. Ɗauri talatin da takwas ne a bishiyar, duk sun juya hagu, sai wannan ɗaya da ya juya dama.